Lakar Rijiyar Lantana

Kafin Surajo ya dawo daga Abijan da tumbi da agogon zinariya, babu garkar da ta kai ta Lantana a duk fadamar Gidan Iliya, ƙauyen nan da ke ƙasan dutse in ka baro Tamaske za ka Keita. Mijinta Bashiru ne ya haƙa rijiyar garkar, ya ɗaure ta da siminti, bai daɗe yana shan ruwanta ba Allah ya karɓi abinsa. Lantana ta gama takaba ta ɗaura ɗamara. Albasarta ja ce jawur, mai nauyi, irin wadda 'yan kasuwar Madawa ke ɗagawa su jinjina su haɗe rai don kada a ga sun yaba. Da ita ta ciyar da marayu, da ita ta rufa wa kanta asiri.

Surajo taubashinta ne. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka a al'adar garin shi ne ɗan namiji, ubangida, ita kuwa ɗiyar mace, baiwa. Wasa ne tun na kakanni. Ya zage ta, ta zage shi, ya fizge mata abin hannu a kasuwa, ta kwashe masa takalma a ƙofar masallaci, kuma babu mai fushi, balle a kai ƙara. Wanda ya yi fushi da taubashi, gari ne zai yi masa dariya har ya shiga kabari.

To, da Surajo ya dawo sai ya gina gidan yawur, wato wurin sarrafa nono a yi yogot, a kan tudun da ke saman garkarta. Matan Fulani su kawo nono da safe, injuna su yi ta ruri, 'yan babur su kwashi yawur da cuku har Buza. Babu wanda ya yi masa hassada, Lantana ma sai da ta kai masa zakara ranar buɗewa. Amma fa duk inda ake aikin nono akwai wanki. Kowace la'asar a wanke tono-tono, wato manyan duro, da tukwane da daɓe, a haɗa ruwan wankin da tsamin da ya tsatso daga cuku, a sako shi ta wani tiyo da aka huda bango aka zura. Ruwa kuwa bai san taubashi ba, gangare ya sani. Ya bi kwazazzabo ya sauka garkar Lantana, ya kwanta cikin fangalai, ragowar ya tsiyaya rijiya.

Da fari fari ne tas, har yara na cewa garkar Inna ta sha fura. Sannan ya yi tsami, ya yi toka-toka, ya koma baƙi. Ƙudaje suka tare. Albasa ta yi rawaya daga sama, ta ruɓe daga ƙasa, in ka ja ganye sai ya biyo hannunka ya bar ruɓa a rami. Rijiyar da Bashiru ya haƙa ta yi kumfa, ko jaki aka kawo sai ya kau da kai.

Lantana ta je wurin mai gari Sha'ibu, ta durƙusa gaban dattawa.

"Ranka shi daɗe, ruwan Surajo ya kashe min garka. Ku taho ku gani da idonku."

Surajo na zaune a gefe yana jan carbi. Ya kece da dariya har da buga cinya.

"Jama'a, ku ji min baiwa! Ina aika mata nono kyauta har garka, ko na gode babu. Wa ya taɓa ganin albasa mai shan nono in ba ta wagga ba? Ke baiwa, in ta yi ƙiba ki kawo min rabona!"

Fada ta ɗauki dariya. Har mai gari sai da ya rufe baki da rawani. Da ya natsu ya ce, "Lantana, ke ma kin sani, ba a shari'a tsakanin taubasai. Ku tahi ku daidaita can gida."

Wallahi wannan dariya ta fi ruɓar albasar yi mata ciwo. Ta zo da kukan abincin 'ya'yanta, aka mayar da shi abin nishaɗin dattawa. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ita ma ta yi murmushi, don in ba ta yi ba a ce ba ta san wasa ba. Amma tun daga ranar ta ƙulla shi a zuci, kuma ba ta taɓa kwance ƙullin ba.

Rani ya zo ya wuce, wani ya zo. Mace mai garkar kanta ta koma dashen albasa a garkar wasu, tana duƙe tun safe har rana ta take, matan da a da ke roƙonta iri yanzu su ne ke nuna mata inda za ta fara. In ta gamu da Surajo a hanya ya tsayar da mota ya leƙo: "Baiwa, ina albasata?" Ta ce, "Tana nan tahe, ubangida." Ta wuce abinta.

Abin da kukanta bai yi ba, wari ya yi. Da ɗoyi ya fara kai wa lakwal, wato makarantar boko, har malamai na sallamar yara, magana ta kai meri, ofishin magajin gari, aka turo mutanen sarbis, ma'aikatan gwamnati masu duba tsabta, daga birnin Tawa. Suka toshe hanci suka zagaya, suka ce wa Surajo ko ya gyara ruwansa ko a sa wa ƙofarsa kwaɗo. Haka aka kawo Sakina, wata yarinya 'yar Madawa da ta yi karatun ruwa, siririya, mai saurin magana, kullum da takalman roba har gwiwa.

Sakina ta sa aka gina basan, wato tafkunan siminti, a bayan gidan yawur. Na farko ƙarami, mai tare maiƙo. Na biyu rufaffe da murfin ƙarfe. Na uku a buɗe, da ɗan inji mai aiki da hasken rana yana hura masa iska yana ɓulɓula. In rana ta yi zafi takan gangaro ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon-yaro, da ke bakin garkar Lantana ta sha fura, don Lantana ba ta daina zuwa garkar ba ko da babu abin da ke cikinta sai ƙaya.

"Ɗiyata, wane magani kuke zubawa shi wanke wanga ƙazanta?"

Sakina ta yi dariya. "Inna, babu magani. Masu rai ne a ciki. Wasu 'yan halittu ne ƙanana, ido bai ganinsu, abincinsu kenan tsamin nono da maiƙo. Su cinye, su bar ruwa. Kin san yadda kike zuba ɗan tsohon nono cikin sabo shi kama? Haka munka yi, da kashin shanu munka kama su. Na sha wahala kahin su yarda su zauna, sai da na yi ta lallashi kamar jinjiri."

"Ikon Allah! To ba su mutuwa?"

"Suna mutuwa mana. Shi ya sa na hana a sako jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ko sodar sabulu da yawa cikin ruwan wanki. In anka kwara musu, dut su mace, basan shi koma masai."

Lantana ta ce, "Allah shi kiyaye," ta ƙara mata fura. A lokacin ba ta nufi komai ba. Har ma ta fara sa rai, tana cewa a zuci ko wannan yarinya ce Allah ya aiko ta dawo mata da garka.

Ashe ba haka ba. Ana gab da watan cika-ciki mai gari ya aika a kira ta. Ta iske Surajo zaune a wurinsa na da. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce aikin ruwa bai ƙare ba, saura fili mai faɗi da za a zuba tsakuwa a shuka kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, ruwa ya ratsa ta ciki ya ƙarasa tacewa. An duba, babu inda ya dace sai garkarta. Da mutanen sarbis sun dawo sun ga basan na aiki, za a ba Surajo garkar, ita a yanka mata wani wuri a kan dutse.

"Kan dutse, ranka shi daɗe? Inda ko akuya ba ta samun abin tsinka? Shi bai da hili? Ga nan hilin da ya tara bulo zai gina bene!"

Surajo ya ce, "Haba baiwa, mushe za ki yi wa rowa? Garkar ga ta mutu tun yaushe. Taimakonki zan yi in binne miki ita."

Aka sake dariya. Kai jama'a, akwai rashin ta-ido a duniya! Mutum ya kashe maka abu, ya dawo ya ce tunda ya mutu a ba shi. A wannan karo Lantana ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Na ji," ta fita a fusace.

Ranar kasuwar Tamaske ta ja akuyarta guda da ta rage ta sayar. Ta sayi jabel bido-bido, wato jarka-jarka, ta sayi sodar da mata ke dafa sabulu da ita, ta sayi sabuwar tsintsiya.

A garin nan, in cika-ciki ya zo, ɗiyan mata kan ɗauki tsintsiya su je gidan 'ya'yan maza su yi musu shara. Su share tsakar gida suna zagi suna waƙa, su taɓa abin da suka ga dama, ubangida kuma dole ya yi dariya ya ba da tukuici. Abin da baiwa ta yi ranar shara ba laifi ba ne, ko da tukunyar miya ta kifar. Lantana ta san Sakina ta tafi gida Madawa cin cika-ciki.

Da hantsi ta ɗora bidunanta a amalanken jaki, ta yafa gyale, ta hau tudu. Mata suka biyo ta suna guɗa, don rabon da Lantana ta yi wa Surajo shara tun kafin garka ta mutu, kowa na son ya ga wasan. Surajo ya fito ƙofar gidan yawur da babbar riga, dattawa na gefensa, yana washe baki.

"Yawwa! Yau baiwa ta tuna ubangidanta. Share da kyau, har bayan gida!"

"Har bayan gida, ubangida. Kai ka ce."

Ta share farfajiya tana waƙar tumbinsa, wai in ya yi ruku'u sai an taimaka masa ya ɗago. Mutane na ta faɗuwa don dariya. Ta kora jaki ta zagaya baya, jama'a na biye. Ta kama murfin basan na biyu ta ɗaga, ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci.

"Subhanallahi! Ubangida, da wagga ƙazanta kake kwana, kana da baiwa a gari? Abin kunya gare ni!"

Ta kwance bakin bido ta tuntsurar. Ta ɗauki na biyu. Surajo na dariya har lokacin, sai da warin jabel ya daki hancinsa sannan dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya tattare riga ya ruga yana ihu, "Ke! Ke! Tsaya!" Kafin tumbi ya bar shi ya iso, ta zazzage sodar a basan na uku, tana motsawa da kan tsintsiya, kumfa na tashi.

Ya ɗaga hannu zai kai mata mari. Mai gari da kansa ya riƙe hannun.

"Kai Surajo! Taubashiya? Ranar shara? Kana son a yi da kai har jikoki?"

"Ranka shi daɗe, ta kashe min basan!"

Lantana ta buɗe ido kamar ba ta san komai ba. "Wanke maka na yi, ubangida. Ina tukuicina?"

Dattawa suka ce gaskiyarta, al'ada ce. Surajo na huci, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya cire hularsa sabuwa dal ya miƙa mata don babu abin da ke hannunsa. Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Daɗin da ta ji a ranar, ko ranar da aka ɗaura mata aure ba ta ji irinsa ba.

Ba a yi kwana nawa ba basan ya mutu. Ɓulɓular nan mai launin ƙasa ta koma fari fat, maiƙo ya daskare a sama, ɗoyi ya tashi wanda ya fi na da. Mutanen sarbis suka zo ganin aiki suka iske masai, suka sa kwaɗo suka tafi, suka ce ba za a buɗe ba sai ruwa ya gyaru.

Sakina ta gangaro garka, ko sallama ba ta yi ba.

"Inna, ni na hwaɗa miki. Da bakina na hwaɗa miki, ina shan hurarki. Mi na yi miki?"

Hawaye ne a idonta. Lantana ta sunkuyar da kai, don wannan kam ta ji kunyarta. Ta ce, "Ba ki yi min komi ba, ɗiyata. Amma in basan naki ya rayu, garkata ta tahi. Kin san da haka?"

Sakina ta girgiza kai. Ba ta sani ba. Ita dai ta ce ana bukatar fili, ba ta ce na wa ba.

Da safe Lantana kan ga Nasiba, wata Bafillatana da ke kawo nono daga rugar bayan dutse, ta iso ƙofa mai kwaɗo ta tsaya, ta juya da ƙwaryarta a kai. Abin na sukar Lantana a rai. Sai ta dubi rijiyar Bashiru, ranta ya sake bushewa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ya fantsama wa na kusa, a tambayi tsuntsun.

Sakina ta kwashe basan ta wanke, ta sake kamawa da kashin shanu, abu ya ƙi. Ta ce wa Surajo in da kashin shanu ne sai ya yi haƙurin watanni, don sai halittun sun saba da nono tukuna. Surajo kuwa cukunsa na ruɓewa, 'yan babur sun koma wa wani a Keita, tumbin ma ya fara saɓa. Ana haka wata rana Sakina na zaune bakin rijiyar Lantana, don ta dawo shan fura ko da ba ta cika magana ba, sai ta ga ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa. Ta zura guga ta ɗebo baƙar laka, ta murza a yatsa, ta shinshina, ta miƙe tsaye.

"Inna! Ga su nan! Shekara da shekaru suna cin nonon Surajo cikin rijiyarki, sun saba, sun yi ƙarhi. In an zuba wagga laka a basan, nan da nan za shi tashi."

Lantana ta daɗe tana kallon lakar. Sannan ta yi wata dariya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Washegari Surajo ya gangaro da mai gari da ma'aikata da bokitai. Ya ƙaƙalo murmushi.

"Baiwa, ashe ajiya kika yi min. Mun zo ɗauka."

"Sunana Lantana. Shara ta wuce, Surajo, yau ba ranar wasa ba ce. Rijiya tawa ce, abin da ke cikinta nawa ne. Ko ba haka ba, ranka shi daɗe?"

Mai gari ya shafa gemu, ya ce haka ne.

"To ga abin da nike so. Garkata ba ta zuwa ko'ina, a hwaɗa nan gaban mutane. Kacala a shuka ta inda ya tara bulo. Laka kuwa na ba shi, amma ba ma'aikaci za shi shiga ba. Wanda ya zuba shi za shi kwashe. Kuma ba bokiti biyu ba, dut, har sai na ga simintin Bashiru."

Surajo ya dubi mai gari, mai gari ya dubi sama. Ya dubi Sakina, ta ce, "Alhaji, ni dai laka nike so." Labari ya riga ya zaga, mutane sun cika bakin garka, har da Nasiba da 'yan'uwanta, su kuwa so suke a buɗe ƙofa ko da Surajo zai kwana a rijiya. Ya ga babu mafita. Ya ce ya yarda, garka ta Lantana ce, ya cire babbar riga da agogo.

Sakina ta sa aka janye ruwan da motopom, injin ban-ruwa, aka hura iska a ciki don kada warin ya kayar da shi, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Rijiyar ba ta da zurfi sosai, amma da ya sauka sai da laka ta kai masa cinya. Ya cika bokiti, a ja, a juye a tono, a mayar masa. Ya yi amai, ya goge baki da kafaɗa, ya ci gaba. Lantana ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiya inda zai riƙa ganin fuskarta duk lokacin da ya ɗaga kai. Abin mamaki, babu wanda ya yi dariya. Wasu dattawan ma suka sulale suka tafi.

Rana ta take. Bokitai suka fara fitowa da yashi a gauraye. Can sai aka ji muryarsa daga ƙasa, a shaƙe, ba irin ta fada ba.

"Lantana."

Ta leƙa. Baƙi ƙirin yake tun daga gashi har ƙirji, idanu kawai ake gani.

"Lantana, na cuce ki. Na sani tun ranar hwarko. Na cuce ki, na cuci marayu."

Maganar da ta yi shekaru tana jira kenan. Ta ɗauka in ta ji ta ƙullin zai kwance, sai ta ji yana nan daram, don maganar ba za ta dawo da albasar da ta ruɓe ba, ba kuma za ta goge dashen da ta yi a garkar mutane ba.

"Ban ji ba. Ɗaga murya, mai gari na da nisa."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa, kowa ya ji. Mai gari ya matso ya ce, "To Lantana, ya roƙi gahwara. A jawo shi haka nan."

Lantana ta ƙara leƙawa, ta kare ido da tafin hannu tana duba gindin rijiyar. A gefe guda siminti ya bayyana, wani siririn ruwa mai haske na tsattsafowa ta tsakanin yashi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta nuna ɗaya gefen da yatsa.

"Akwai saura nan gabas. Ku miƙa mishi bokiti."